Kwamfutar da Ta Ƙi Jin Iya Lami

Iya Lami ba ta yin tatsuniya sai masara ta hau wuta. Doka ce a wurinta. Idan damina ta yi nisa a ƙauyenmu, can bayan Kuyello inda hanyar mota ke ƙarewa, da an ci tuwo an idar da sallar isha'i sai mu cika madafinta, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta, har da yaran gidan Baba Audu da ke zuwa coci ranar Lahadi. Ruwa na dukan jinka, hayaƙi na cin ido, ita kuma tana kan 'yar kujerarta tana juya masara da yatsu, ko a jikinta. Kakata ce ta wajen uba, gajeriya, mai faɗa, mai saurin hucewa. Wanda duk ya yi gyangyaɗi, rabonsa na masara ya tafi cikin na kusa da shi.

Ni ne babban jikanta namiji, saboda haka ni ne mijin. Ban taɓa jin ta kira ni Haruna ba a yarintata. Da na leƙo sai ta ce, "Maigida, yau ma hannu rabbana ka shigo? Ba gishiri, ba daddawa? Ni dai na gaji da wannan aure." Ni kuma in murtuke fuska in ce na sake ta, ai ta tsufa. Ta ce, "Saki na nawa ke nan? Zauna ka ci masarar tsohuwa, marowaci." Yara su kwashe da dariya, in zauna a wurin da ya fi kusa da wuta, don wurin maigida ne.

Tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Sai ta karkata kunne wajen ƙofa kamar an yi sallama, ta ce, "Ga wata can ta fito daga daji, ƙafarta duk raɓa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, akwai wuta."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta Jatau masassaƙi. Jatau yana da ƙanwa mai suna Kande. Wata safiya Kande ta shiga daji tsintar kaɗanya, dajin ya juya mata, ta rasa gabas ta rasa yamma. A wancan zamani idan mutum ya ɓata, mata ne ke jawo turmi zuwa bakin daji su yi ta buga taɓarya, mai ɓata ya biyo ƙarar har gida. Mata suka mirgino turmi. Jatau ya tare su, ya ce ƙanwarsa ba kaza ba ce da za a kira ta da turmin daka. Ganga zai sassaƙa mata, wadda za a ji ta bayan rafi bakwai.

Ya sare ƙirya, ya fafe ta, ya samo fatar gada ya ɗaura. Ya buga, shiru. Ya sake ɗaurewa ya buga, shiru. Wani tsoho ya ce masa, "Itacenka a fadama ya girma, gadarka a kan dutse ta rayu. Ba su jin yaren juna. Sai ka samo tsirkiya daga fatar dabbar da ta yi kiwo a wuraren biyu, ta yi musu tafinta." Jatau ya rataya gatari ya tafi nema. Kowace yamma kuwa iska na kawo waƙar Kande daga cikin daji, kuma ta yau ba ta kai ta jiya ƙarfi ba.

A nan ne Iya takan ajiye masara ta rera waƙar. Ba da Hausa ba. Mahaifiyarta 'yar Gbagyi ce, da yarenta ta koya mata, kuma duk gidanmu Iya kaɗai ta riƙe yaren. Babanmu ya watsar da shi tun yana firamare saboda tsokanar yara. Baiti huɗu ne ko biyar. Muryarta takan sirance ta yi sama, sannan ta faɗo a hankali, kuma kowane zagaye tana rage ta, har a na ƙarshe sai mun daina tauna kafin mu ji. Ba mu san me kalmomin ke cewa ba, amma ƙananan cikinmu sukan matso jikin manya. Na taɓa tambayarta ma'anar, ta ce, "In ka yi hankali na faɗa maka, Maigida. Yanzu kunnenka na masara ne."

A kwana na bakwai Jatau ya dawo da tsirkiya. Ganga ta yi magana har ƙasa na rawa. Awakin da suka ɓata tun bara suka fito daga daji, jakin wani da aka cire rai da shi ya dawo da ƙafarsa. Kande ba ta fito ba. Mukan ce, "Iya, to ina take?" Sai ta kaɗe zaninta ta ce, "Ku tambayi mai ganga. Ta ƙare, mai barci a ɗauke shi."

Darasin da muka ɗauka a lokacin shi ne kada yaro ya shiga daji shi kaɗai. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, Jatau nake so. Gangar da ke girgiza ƙasa ita ta tsaya mini a rai, har nakan ji haushin matan nan da turminsu.

Na girma na bar ƙauye, na koyi gyaran kwamfuta a Kaduna, na dawo na buɗe shago a cikin Birnin Gwari. Sannan dajin da Iya ke ciro mana tatsuniya daga cikinsa ya cika da 'yan bindiga. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ya fito daga yankinmu yana da nasa labarin. Ƙauyenmu ya watse. Aka kawo mini Iya a bayan babur, da ƙullin kaya ɗaya da kaza guda a cikin kwando, don ta rantse ba za ta bar wa ɓarayi kazarta ba. Matata Saude ta gyara mata ɗakin da ke kusa da rijiya. Ta rame, idonta ya rage gani, amma bakin yana nan. Ranar da ta iso ta dubi gidan ta ce, "Ashe Maigida ya yi mini kishiya bai faɗa ba."

Ganin yadda ta koma ne ya sa na ƙudura zan naɗi muryarta, musamman waƙar Kande, da fassararta daga bakinta. Saude ta ce, "Ga waya a aljihunka, ka danna kawai mana." Na yi mata kallon wanda bai san aiki ba. Na ce waya tana kwaso iska da kukan awaki, muryar Iya ta fi ƙarfin wannan shirme. Sabuwar kwamfuta zan haɗa da hannuna, da makirfo na gaske, yadda jikokin jikoki za su ji ta tas.

Na haɗa ta kuwa. Madabod ɗin, wato babban farantin da ake soka sauran kayan a jikinsa, na hannu ne, kuma sashen sautinsa ya mutu tun a wurin mai shi na farko, don haka na sayo katin sauti daban, sabo fil a kwalinsa, da faifansa na CD a ciki. A kan faifan nan ake samun 'yar manhajar da muke kira direba, wadda in babu ita kwamfuta ba ta san me aka soka mata ba. Kati na iya zama lafiya ƙalau, kwamfuta ma lafiya, amma ba mai jin wani. Na ɗaure komai, na danna, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Na buɗe kwalin katin in ɗauko faifai, babu faifai.

Na birkice shago, na birkice ɗaki. Kwana biyu ina nema. A rana ta uku na fito tsakar gida da hantsi, wani haske ya wulga mini a ido. Na ɗaga kai, sai ga faifaina yana lilo a reshen dalbejiya, ɗaure da zaren buhu. Kazar Iya ta yi ƙyanƙyasa, shirwa ta ɗauke tsaki biyu, ita kuma ta ga abu mai walƙiya a kwalin da na bari a kan tabarma. Haka ake yi a ƙauye, a rataya abu mai ƙyalli ya kori tsuntsu. Ramin tsakiya bai yi mata ba, sai da ta gasa ƙusa ta huda wasu biyu a gefe don ya riƙa juyawa da kyau.

Abin da na yi ranar, har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na tsinke zaren, na tsaya a kanta ina ɗaga murya. Na ce nan ba ƙauye ba ne. Na ce ta daina taɓa abin da ba ta sani ba. Na ce saboda ita nake wannan wahala, ga shi ta lalata komai a kan 'yan tsaki. Saude ta fito daga madafi da muciya a hannu ta tsaya. Iya ta bari na gama, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam Haruna. Ban san na aiki ba ne."

Malam Haruna. Shekara talatin da wani abu ina duniya, ranar ce ta fara kiran sunana. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma maimakon in durƙusa a wurin, sai na juya na tafi shago da hudajjen faifai, ina gaya wa kaina ai ni ne da gaskiya.

Da a wani lokaci ne, minti biyar ya isa in sauko da direban daga intanet. To a watannin nan an datse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, ba kira, ba saƙo, ba intanet. Sai na koma kan abin da ke hannuna. Na goge faifan da auduga, na sa shi, ya yi ta gurnani a ciki ya tsaya. A ƙasan allo, alamar lasifika na ɗauke da jan kuros. A jerin kayan da ke cikin kwamfutar, inda sunan katin ya kamata ya fito, sai wata alama ruwan ɗorawa da rubutun cewa ba a san wannan na'ura ba. Na zare katin na goge haƙoransa da abin goge fensir, na mayar. Na canja masa rami. Na shiga saitin madabod na kashe mataccen sautinsa, ko shi ke tare hanya. Na kwaso tsofaffin faya-fayan da na tara tun ina koyon aiki, na yi ta gwada direbobin wasu katuna. Wani ya ce an yi shi ne don tsohuwar manhaja. Wani ya shiga har ƙarshe, na sake kunnawa, allo ya koma shuɗi ya mutu. Sau uku ina share komai ina sake zubawa daga farko, ina ƙona fetur a janareta, maƙwabcina tela yana tambaya ko gidan rediyo zan buɗe.

Mako uku na yi a haka. Ina dawowa gida a gajiye, in gaishe da Iya daga bakin ƙofa, ta amsa, "Sannu da aiki, Malam." Na so in ba ta haƙuri, amma na tsara yadda zan yi shi: ranar da kwamfuta ta yi magana zan kawo ta gabanta, in ce ga abin da ya sa na yi fushi, ki ji muryarki. Har haƙurin ma sai da na ce ya jira direba.

Da dabara ta ƙare, na kwafe lambar katin a takarda na shirya tafiya Kaduna. Hanyar ba a binta sai da rakiyar jami'an tsaro, motoci su taru a jera, a tashi tare. Ana gobe zan tafi, bayan la'asar, ina ɗaure jaka, Iya ta kira ni daga tabarmarta. Saude ta gasa mata masara, tana riƙe da ita ba ta ci ba, don haƙoran sun tafi.

Ta ce, "Malam Haruna, zo ka zauna in yi maka waƙar nan. Yau tana bakina. Ba kullum take zuwa ba yanzu."

Wayata na aljihun gaban rigata, cike da caji. Ina jin nauyinta a ƙirjina. Na ce, "Iya, ki adana mini ita. Kwana biyu zan yi. In na dawo za ki yi ta a gaban na'ura, a ji ki har Legas."

Ta juya masarar a hannunta, ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

A Kaduna, a shagon wani abokina, na sauko da direban kafin shayin da ya zuba mini ya huce. Na zuba shi a filasha biyu don tsoro. Amma hanya ta rufe, an tare motoci a wani wuri, aka dakatar da rakiya. Kwana biyu suka zama shida. Ba halin in kira gida, ba halin gida su kira ni. Na zauna ina cin tsire da abokai ina ba su labarin tsohuwar da ta huda mini faifai, suna dariya, ni ma ina yi.

Da na dawo, takalma na fara gani a ƙofar ɗakinta, masu yawa. Saude ta tare ni a zaure. Ta ce kwana uku da tafiyata Iya ta faɗi a wurin alwala. An kai ta asibiti, sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Tana gani, tana gane mutane, hannun hagu na motsi. Harshen ne ya tafi.

Na shiga na durƙusa. Bakinta ya karkace gefe guda. Na ce, "Iya, Maigida ne ya dawo. Ki yafe mini." Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ban san me ke cikin kallon ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙaryar cewa na sani ba.

Washegari na soka filasha. Minti huɗu. Alamar ruwan ɗorawa ta ɓace, jan kuros ya ɓace, lasifika ta yi 'yar ƙararta ta maraba. Ban taɓa tsanar wani sauti kamar wannan ba. Duk da haka na ɗauko kwamfutar a baro na kawo gida, na ja waya daga janareta, na kafa makirfo a gaban bakinta. Har yanzu ban san ko don ita na yi ba ko don kaina. Na soma yi mata tatsuniyar Jatau da kaina, tun daga tsintar kaɗanya, da na iso wurin waƙa na yi shiru. Ta gane. Leɓenta ya motsa, maƙogwaronta ya yi ta hawa da sauka. Hannun hagu ya soma buga tabarma a hankali, daidai da kiɗan waƙar, zagaye ɗaya, biyu, uku. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Saude ta ce, "Don Allah ka kashe abin nan, ka ƙyale ta."

Minti goma sha ɗaya na naɗa. Yana nan a ajiye, na kwafe shi wuri uku. Ana jin numfashinta, ana jin tafin hannunta a kan tabarma, ana jin muryata ina cewa, "Gwada, Iya, gwada." Sautin ya fita tas, babu iska ko kaɗan. Katin mai kyau ne, ban yi asarar kuɗina ba. Iya ta rasu bayan an gama girbin dawa.

Na bi tsofaffin Gbagyi da ke zuwa kasuwa, na yi musu gunjin waƙar da hanci, ko wani zai gane ta. Wata tsohuwa mai sayar da doya ta saurara sau biyu, ta ce muryar ta yi kama da ta mutanen wajenmu, amma ita ba ta san ta ba, wataƙila ta gida ɗaya ce. Mutanen wajenmu kuwa sun bazu, wasu Kaduna, wasu Neja, wasu ƙarƙashin ƙasa.

Mutane suna ce mini ƙaddara ce, kuma na yarda da ƙaddara. Suna cewa laifin 'yan bindiga ne da suka sa aka rufe layi aka rufe hanya, kuma Allah ya isa tsakaninmu da su. Amma ba ɗan bindiga ne ya hana ni zama a kan tabarma ranar nan bayan la'asar ba. Shekaru na yi ina zaton Jatau ƙanwarsa yake so har ya ƙi turmi. Yanzu na san abin da yake so, don na ɗanɗana shi: a ce shi ne ya sassaƙa gangar. Ni ma so nake a ce Haruna ya haɗa na'ura da hannunsa ya adana muryar kakarsa. Iya ta gaya mini wannan tun ina ɗan shekara bakwai, sau ba adadi, ina zaune a wuri mafi kusa da ita, ban ji ba.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, kuma idan an ɗauke wuta sukan taru su ce in yi musu tatsuniya. Daren farko da na yi musu ta Jatau, na zo wurin da iska ke kawo muryar Kande, na ce, "Nan sai ta yi waƙa." 'Yar autata Hafsatu ta ce, "Baba, yi mana waƙar." Na ce ban iya ba. Ta ce, "To wa ya iya?" Na ce ba kowa. Ta ɗan yi tunani, ta gyara zama, ta ce, "To a tsallake wurin."

Tun daga ranar tsallakewa muke yi.